Noti na Huɗu

Otal ɗaya ne tak a garin, don haka babu zancen zaɓi. Yana can ƙarshen titin da ya haura dutse, bene hawa uku mai doguwar baranda ta katako da ta fara sunkuyawa ta gefe guda. An ce a zamaninsa manyan mutane ne ke zuwa shan iska, su wayi gari suna kallon gajimare a ƙarƙashin ƙafafunsu. Manyan sun daina zuwa, iskar ce dai ba ta daina ba, tana shigowa ta kowace taga ba ko sallama. A nan Baba Birki da matarsa Inna suka sauka, washegarin ranar da motar bas ɗin da ɗansu Auta ke tuƙawa ta faɗa kwazazzabo a gangaren shiga gari.

Mutum goma sha huɗu Auta ya ɗauko. Shida suka rasu, shi ne na bakwai, sauran suna kwance a ɗan asibitin garin. A nan kan dutsen aka binne Auta, don gida ya yi nisa. Abin da ya kamata shi ne iyayen su juya da safe, ga matarsa can da ɗanyen jego, jaririn ko cibiyarsa ba ta faɗi ba. Amma Baba Birki ya ce ƙafarsa ba za ta bar garin ba sai an ciro motar daga rami ya gan ta da idonsa. Motar ƙugiyar da za ta yi aikin daga birni za ta taso, kuma kullum aka tambaya sai a ce gobe.

Inna ba ta yi musu ba. A zatonta so yake ya gano abin da ya karye, ya rufe bakin masu cewa gudu Auta ya yi. Ba ta san abin da ke cin mijinta ba. Babu ma wanda ya sani, tunda mutum ɗayan da zai iya faɗa yana ƙarƙashin ƙasa.

Shekara arba'in Baba Birki yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Ba ruwansa da inji, ba ruwansa da wuta, birki kawai ya sani, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin 'yan'uwansa. Yana da wata ɗabi'a da abokan sana'a suka gaji da yi masa dariya a kanta. In ya gama aiki, sai ya sake kwanciya ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya da sifana, ya ba kowanne ɗauri na ƙarshe, sannan ya tsoma tsinke a gwangwanin fenti ya ɗiga masa rawaya. Noti mai ɗigo ya gama da shi. Wanda ba shi da ɗigo kuwa, yana nan a ɗaure sama-sama, zai riƙe na yini ɗaya ko biyu, sannan ya fara kwancewa da kansa.

Ana gobe Auta zai yi tafiyar nan, ya kawo motar gareji uban ya canja masa bututun man birki. Noti huɗu ne. Auta yana sama yana taka birki yana zuba surutu, uban yana ƙasa a zagayensa na ƙarshe da sifana da gwangwani, sai waya ta yi ƙara. Inna ce daga asibiti: matar Auta ta sauka, namiji. Auta ya diro, ya kama ƙafafun ubansa biyu ya jawo shi daga ƙarƙashin motar kamar buhu.

“Fito, tsoho! An haifo wanda zai ƙwace maka Inna!”

Haka suka tafi asibiti, hannu duk baƙin mai, suna dariya kamar sa'o'in juna. Baba Birki yana tune da cewa ya koma gareji kafin rana ta faɗi ya rufe gwangwanin fenti, ya kulle ƙofa. Abin da ya kasa tunawa shi ne ko ya sake shiga ƙarƙashin motar. Wani lokaci sai ya ga kansa sarai a kwance yana ɗiga wa noti na huɗu fenti, har da sanyin siminti a bayansa. Da ya ɗan samu sauƙi sai zuciyarsa ta ce wannan simintin na wata ranar ne, cikin dubban ranakun da ya kwanta a kansa.

Mai otal tsohuwa ce gajeriya, rigar sanyi kan rigar sanyi, mijinta ya mutu ya bar mata gini da ɗigar ruwa. Da ta ji ko su wane ne, sai ta rage murya.

“Baba, shawara zan ba ku. Duk baƙina dangin mutanen motar nan ne, zukatansu a tafashe suke. In an tambaye ku, ku ce kun rasa ɗa. Ku tsaya a nan.”

Ta kai su hawa na uku. Ɗakin ya fi falon gidansu girma, rufinsa can sama inda duk ɗumin da mutum ya tara yake tafiya ya zauna. Gadon ƙarfe, barguna uku masu warin ajiya, kabad ɗin da ƙofarsa ke buɗewa da kanta in an taka katakon gabansa. A bayi famfo biyu ne, ɗaya da jan kai ɗaya da shuɗi, kuma duka biyun ruwan ƙanƙara suke zubarwa. Taga tana kallon hanya. In gajimare ya ɗan ɗaga, ana ganin lanƙwasar da shingen ƙarfenta ya ɓalle, can ƙasa kuma cikin itatuwa wani farin abu kamar gwangwanin da aka taka. Inna ta ja labule tun ranar farko. Shi kuwa, da ta shiga bayi sai ya buɗe.

Ɗakin cin abinci yana da tebur kusan talatin, duk an kife kujeru a kansu in ban da uku da ke kusa da ƙofar kicin, inda ɗan ɗumi ke fitowa. Dole ta sa kowa ya zauna da kowa. A nan suka haɗu da Hedimasta, wani dogon dattijo mai tsabta da ke ɓalla maɓallin rigarsa har wuya. Matarsa ta rasu a motar, 'yarsa tana asibiti ƙafa biyu a karye, likita ya hana a motsa ta. Mutumin kirki ne, kirkin nan nasa ne ma ya fi komai ciwo. Shi ya tura wa Inna sukari, shi ya yanka wa Baba Birki burodi.

“Ku wa kuka rasa, Baba?”

“Ɗanmu.”

“Allah ya ji ƙansa. Allah ya ba ku haƙuri.” Ya juya shayinsa da cokali. “Shi ma direban nan ne ya kashe shi. Na koyar da yara shekara talatin, na san irinsu. A ba su sitiyari, sai su ɗauka ran mutane na ubansu ne.”

Inna ta ajiye kofinta a hankali. Baba Birki ya ɗora ƙafarsa a kan tata a ƙarƙashin tebur ya danne.

Zaman otal ga mai baƙin ciki azaba ce ta daban. A gida aƙalla akwai masu shigowa gaisuwa, ka amsa, ka raka su ƙofa, yini ya wuce. A nan babu abin yi sai sauka da hawa. Su karya, su hau. Su yi waya gida su ji kukan jariri a bayan muryar surukarsu, su sauko. Baba Birki ya taka zuwa ofishin jami'in haɗurra, a ce masa ƙugiya tana hanya, ya dawo yana haki don hawan ba na tsofaffi ba ne. Hannuwansa da ba su taɓa yini a banza ba suka rasa inda za su sa kansu. Sai ya kama kansa yana murza maɓallin aljihu, yana ɗaure wani abu da babu shi.

A kwana na uku ya tarar da mai otal tana ɗaukar bokitin ruwan zafi daga kicin zuwa sama, tana hutawa a kowace matakala ta biyar.

“Wai tukunyar ruwan zafin gidan nan mutuwa ta yi?”

“Shekara biyu ke nan. Mai gyaran ya zo ya kalle ta, ya sha min shayi kofi uku, ya ce sai dai sabuwa.”

“Nuna min ita.”

Ba aikinsa ba ne, amma bututu bututu ne, noti noti ne. Ta kai shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta riƙe masa tocila. Tukunyar wata ƙatuwar baƙar aba ce da ta girme shi, ba ta mutu ba, toshewa kawai ta yi. Ya kwance, ya kankare tsatsa, ya yanka tsohuwar roba ya yi mata sabon mazauni, ya mayar. Awa huɗu cur bai tuna da komai ba, kuma wannan ne kaɗai hutun da ya samu a garin. Da ya gama sai ya soma zagayensa na ƙarshe kamar yadda ya saba. Ya ɗaure noti na fari, na biyu, na uku. Ya kai kan na huɗu ya ɗaure, ya sake ɗaurewa, ya koma na fari, ya dawo. Babu fenti, babu abin da zai gaya masa ya gama.

“Baba, za ka karya shi,” in ji mai otal. “Sau biyar ke nan.”

Aka kunna. Bututun gidan suka fara tari da bugun bango tun daga ƙasa har hawa na uku, famfo ya tofar da jan ruwa, can sai ga tururi. Otal ya ɗauki hayaniya kamar an yi haihuwa. Mutanen da suka yi kwana uku ba su yi murmushi ba suka riƙa leƙowa daga ƙofofi da tawul a kafaɗa. Hedimasta ya cika fulas biyu zai kai wa 'yarsa a wanke mata kai, don har yau da ƙasar ramin a gashinta. Ya tsaya a matakala ya kama hannun Baba Birki da hannu bibbiyu.

“Wannan hannu akwai albarka, Baba. Da irinku ne ke taɓa motocin da muke shiga, da ba mu nan.”

Baba Birki ya zare hannunsa ya cusa a aljihu. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya hau sama, ya tarar Inna ta tara masa ruwa a bahon wanka. Ya rufe ƙofa ya zauna a bakin bahon da kayansa a jiki har ruwan ya huce.

Washegari da rana abin da mai otal ke gudu ya faru. Hedimasta ya dawo daga asibiti idonsa jawur, 'yarsa ta fara magana.

“Ta ce tun daga saman gangare yake gudu kamar wanda aka biyo. Mata suna ihu, suna roƙonsa ya tsaya, ko juyowa bai yi ba. Uwarta ta rungume ta, shi ke nan abin da ta sani.” Ya buga tebur, cokula suka yi tsalle. “Wallahi da yana raye da sai na ga bayansa. Kuma ina so in ga iyayen da suka haifi wannan.”

“Ga su nan,” in ji Inna.

Baba Birki ya kai ƙafa zai danne tata, ya tarar ta riga ta miƙe.

“Ga uwarsa, ga ubansa. Kalle mu da kyau. Shekara tara ɗana yana bin hanyar nan, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Yaron da in ya ɗauko tsohuwa sai ya kai ta har ƙofar gida, shi ne zai yi wasa da ran mutane? Ni ma binnewa na yi, Hedimasta, ba kai kaɗai ba. Wani abu ne ya karye a motar nan. Ga babansa, makaniki ne, ba a kai shi sanin mota ba. Gobe in an ciro ta zai duba, kuma a nan, a teburin nan, zai faɗa muku abin da ya gani.”

Hedimasta ya kalli Baba Birki, ya kalli fulas ɗin ruwan zafin da ke gefensa, ya tashi ya ɗauki farantinsa ya koma can ƙuryar ɗakin. Ya sauke kujera daga kan wani tebur mai ƙura ya zauna cikin sanyi, ya ba su baya.

A ɗaki Inna ta zauna a bakin gado tana haki. Rabon da ya ga ta yi magana mai tsawo haka tun kafin wayar rasuwa.

“Babansu.”

“Na'am.”

“Ka wanke min ɗana. Ni ban roƙe ka komai ba a zamanmu, ka sani. Wannan yaron da aka haifa zai girma, zai shiga makaranta, wani zai nuna shi ya ce ga ɗan wanda ya kashe mutum shida. Kada ka bari. Ko me ka gani, ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji.”

“Ko me na gani?”

“Ko me ka gani.”

Ya so ya gaya mata a lokacin. Maganar ta zo har bakinsa. Amma me zai ce, tunda shi kansa bai sani ba? Ya riƙe ɗan abin da ya rage masa: wataƙila taya ce ta fashe, wataƙila sitiyari ne ya tsinke, wataƙila ɗigo huɗu ne cif. Ya ce mata to.

Ƙugiya ta iso a kwana na biyar da hantsi. Aka tare hanya, rabin garin ya fito kallo, har da masu tallan shayi. Inna ta ce ba za ta iya gani ba, za ta jira shi a otal. Ya gangara shi kaɗai, ya tsaya a bayan jama'a yana kallon igiyar ƙarfe tana shiga rami. An fi awa biyu ana ja ana tsayawa kafin motar ta leƙo, rassan itace a maƙale a tagoginta. Suka ajiye ta a gefen hanya a kan haƙarƙarinta, cikinta a buɗe yana kallon jama'a. A karo na farko a rayuwarsa ba sai ya kwanta ba kafin ya ga ƙarƙashin mota.

Jami'in haɗurra matashi ne, sanyi ya dame shi, ya matsu ya koma ofis. Takardarsa na manne a allo, kuma Baba Birki ya hango ya riga ya cike layin dalili tun kafin motar ta fito: gudu fiye da ƙima. Da ya ji uban direba ne sai ya ɗaga masa igiyar da aka kewaye motar da ita.

“Shiga ka duba, Baba, ko akwai kayansa. Kada ka daɗe.”

Bai fara da ƙasa ba, tsoro ya hana shi. Ya leƙa wurin direba ta inda gilashi ya fashe. Giya tana lamba biyu. An ja birkin hannu har wayarsa ta tsinke. Ya zagaya ya ga gefen motar na ɓangaren dutse a goge tas tun daga gaba har baya, babu fenti sai farin ƙarfe. Yaron ya sauke giya, ya ja birkin hannu, ya goga motar a jikin dutse don ta rage gudu, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ubansa ya koya masa tun yana ɗan shekara goma sha shida. Bai juyo ba don ba shi da lokacin juyowa. Wani alfahari mai ɗaci ya cika ƙirjin Baba Birki, tare da sanin abin da hakan ke nufi. Direba ba ya yin waɗannan sai ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa.

Ya zo gaban cikin motar. Ya sa babban yatsa ya goge laka daga noti na fari: rawaya. Na biyu, rawaya. Na uku, rawaya, ɗigon ma ya ɗan zarce gefe kamar an fizgi mai ɗigawa.

Na huɗu yana lilo a bakin bututu, bututun kuma ya rabu da mazauninsa. Ya goge shi, ya tofa yawu ya sake gogewa, ya juya shi ta kowane gefe. Babu ko alamar fenti. Ya duba haƙoran notin ko faɗuwa ce ta fizge shi. Lafiyarsu lau, ko ɗaya bai ci ba. Ba fizgewa ya yi ba, kwancewa ya yi a hankali, zagaye bayan zagaye, tun daga ƙofar gareji har saman gangaren nan, man birki yana ɗiga a hanya, Auta yana tuƙi wataƙila yana tunanin jaririnsa.

Bai yi kuka ba. Abin ya wuce kuka. Ya tsaya da notin a tsakanin yatsunsa, sai ya ga ashe babu mai kallonsa. Jami'i yana can yana hura hannu, jama'a sun koma kan jakunkunan da ake fitarwa. Takarda ta riga ta cika. In ya saki notin nan ya juya, shi ke nan, gudu ne. Matacce ba ya jin zagi. Zai koma gida a matsayin uban da aka tausaya wa, Inna ta ci gaba da zuba masa abinci, ya ɗauki jikansa a cinya. Ya daɗe a tsaye yana son wannan rayuwar, yana son ta ƙwarai da gaske, har ya ji kunyar yadda yake son ta.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, muryar kamar ba tasa ba. “Zo ka gani.”

Ya nuna masa giya, ya nuna masa wayar birkin hannu, ya nuna masa gefen da ya gogu, sannan bututun. Jami'in ya durƙusa ya leƙa, ya yi tsaki, ya soke abin da ya rubuta ya sa wani a sama.

“Birki ke nan. Kai, yaron nan ya yi ƙoƙari. Ka san garejin da yake kai mota?”

“Na sani.”

“To ka zo ofis gobe da safe ka ba ni sunan mai aikin. Yanzu hannuna ya sandare, ko biro ba na ji.”

Hawan komawa otal ya ɗauke shi kusan awa guda. Ya huta a gaban shagon tela, ya huta a gaban kantin magani, ba don gajiya kawai ba. Gajimare ya sauko ya rufe titin, ya shiga cikinsa yana fatan kada ya fita ta ɗaya gefen. Amma ga matakalar otal, ga ƙofa, ga ƙamshin miya daga kicin.

Duk suna ɗakin cin abinci, ba wanda ya taɓa farantinsa. Inna tana zaune a miƙe ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau. Hedimasta yana teburinsa na ƙurya, amma ya juyo da kujera. Mai otal ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

“Babansu, me ka gani?”

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya cire hula.

“Ba gudu ya yi ba. Birki ne ya tafi tun daga saman gangare. Ya sauke giya, ya ja na hannu har ya tsinke, ya goga motar a dutse. Duk abin da direba zai yi ya yi. Ba don shi ba, da ko mutum ɗaya bai fita ba. Jami'i ya gani, ya rubuta.”

Inna ta saki wata irin ƙara, rabi kuka rabi dariya. Ta miƙe ta ɗaga hannu sama.

“Kun ji? Kun ji ko? Hedimasta, ka ji da kunnenka? Ɗana! Wayyo ɗana, ashe faɗa kake yi kai kaɗai muna nan ana zaginka!”

Hedimasta ya taso a hankali ya zo gabanta ya sunkuyar da kai.

“Inna, ki yafe min. Zafin rai ne. Na zalunci yaron nan.” Ya juya wajen Baba Birki. “Amma Baba, birki haka kawai yake tafiya? Tsufa ne ko me?”

“Ba tsufa ba ne. Sabon bututu ne. Noti ɗaya ne ba a gama ɗaure shi ba.”

“La ilaha! Ashe mutum ne!” in ji Inna, hawaye na zuba, fuskarta na haske. “Wane mara tsoron Allah ne ya taɓa wa ɗana birki ya bar shi a kwance? A nemo shi! Babansu, ai ka san duk masu aikin nan, wane ne zai…”

Ta tsaya. Ya ga lokacin da abin ya iso mata. Bakinta yana buɗe, hannunta ɗaya yana sama, hasken fuskarta ya riƙa janyewa kaɗan-kaɗan. Shekara talatin da takwas suna tare, ba ta buƙatar ya faɗa. Duk da haka ya faɗa, don ta ce ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji.

“Ranar da aka yi haihuwa ne. Ina kan na huɗu kika kira.”

Da ya san yadda maganar za ta fito da bai ƙara rabin ƙarshen ba. Ba nufinsa ke nan ba, lokacin kawai yake son faɗa. Amma ta riga ta fita, kuma ya ga inda ta sauka.

Hedimasta ya ja baya taku ɗaya, ya kalli hannuwan Baba Birki, ya fita. Sauran baƙin suka bi shi ɗaya-ɗaya. A bango bututun ruwan zafi yana ta bugawa. Baba Birki ya jira Inna ta yi ihu, ta zage shi, ta kama rigarsa ta yaga. Da ta yi haka da ya ji daɗi. Sai ta sauke hannunta, ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta gyara kujerar da ta ture. Ta wuce ta gabansa kamar ana wuce ginshiƙi, ta tsaya wajen mai otal.

“Yaya, akwai wani ɗakin da ba kowa?”

Mai otal ta kalli Baba Birki, ta kalli ludayin hannunta.

“Akwai na kusa da naku, Inna. Sai dai a share.”

“A'a,” in ji Inna. “Na ƙasa nake so. Ni zan share da kaina.”